Jiki magayi: darasin da makaɗan fiyano suka saya da tsada

Ƴan uwa masu karatu, musamman ku ƴan kasuwa maza da mata, yau shafin namu zai leƙa wata duniyar da ba mu saba shiga ba, watau duniyar makaɗan fiyano na ƙasashen Turai da Amurka. Mun san wani zai ce: to mi ya haɗa mai awon hatsi ko mai tuyar ƙosai da kiɗin Turawa? Hannu ne ya haɗa su. Da hannu makaɗin ke neman abincinsa, da hannu ku ma kuke neman naku, kuma ran da hannun ya ƙi aiki, tukunyar gida ce ke sauka daga murhu. Makaɗan nan sun share shekaru fiye da 150 suna lahanta hannuwansu da sunan ƙwazo kafin su gane inda gizo ke saƙa. Abin da suka gano shi ne muka kawo maku, kuma aiki da shi ba ya cin ko dala.

Yatsu biyu sun tsaida sana'a

Bari mu fara da labarin Leon Fleisher, wani Ba'amurke da aka haifa a birnin San Faransisko a 1928. Yana da shekara 4 ya fara taɓa fiyano. Yana da 9 babban malamin nan Artur Schnabel ya karɓe shi almajiri, yana da 16 kuma ya yi kiɗi tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Niyok. A 1952 ya ci gasar Sarauniya Elizabet da ake yi a Buruksel, ƙasar Beljiyam, ya zama Ba'amurke na farko da ya ci ta. Daga nan sai ko'ina aka shiga nemansa.

A 1964, yana da shekara 36, kasuwarsa na tsakiyar ci, sai ya lura yatsu biyu na hannunsa na dama, watau na zobe da ɗan ƙaramin, suna lanƙwashewa cikin tafin hannu duk sa'ad da ya zauna kiɗi. Ba shi ne ke sa su ba, kuma ya kasa hana su. Da ya ga haka sai ya yi abin da mafi yawanmu za mu yi: ya ɗauka rauni ne na rashin horo, ya ƙara awoyin aiki bisa waɗanda ya saba, alhali dama yakan yi awa 7 ko 8 bisa fiyano kowace rana. Cikin watanni kaɗan abin ya gagara. Tafiyar da aka shirya zai yi zuwa Tarayyar Sobiyat a 1965 tare da ƙungiyar makaɗa ta Kilibilan, ba da shi aka yi ta ba. Ya shiga baƙin ciki mai tsanani, aurensa ya mutu, ya bi likitoci ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya iya faɗa masa sunan cutar.

Ba shi ne na farko ba. Tun wajen 1830 zuwa 1832, a birnin Laifzig na Jamus, wani saurayi mai suna Robert Schumann ya ci burin zama gwanin fiyano, har ya riƙa aiki da wata ƴar na'ura da ke ɗaure yatsa domin wai ya yi ƙarfi. Hannunsa na dama ya lalace, burin ya tafi. Ya koma tsara kiɗi bisa takarda, matarsa Clara ce ta zama gwanar da duniya ta sani bisa fiyano. A zamanin Fleisher kuma, abokinsa Gary Graffman shi ma ya daina kiɗi da hannun dama a 1979. Da manyan nan biyu suka fito fili suka faɗi abin da ya same su, sai ƙananan makaɗa da ke ɓoye nasu ciwon don tsoron rasa aiki suka fara magana. A 1986 aka tambayi makaɗa 2.212 na manyan ƙungiyoyin kiɗi 48 na Amurka, masu kayan kiɗi iri-iri. Kashi 76 cikin 100 suka ce suna da wata larura ta jiki wadda ta kai har tana taɓa aikinsu.

Kaya ya ƙara nauyi, koyarwa ba ta sake ba

Domin mu gane mafarin matsalar sai mun dubi shi kansa fiyanon. Wani maƙeri ɗan Italiya, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙirƙiro shi a birnin Fulorans wajen shekarar 1700. Guda uku daga cikin waɗanda ya ƙera suna nan har yau a gidajen tarihi. Fiyanon wancan zamani ƙarami ne, na icce, madannansa, watau sandunan nan farare da baƙaƙe da ake dannawa, ba su da nauyi, ɗan taɓi kaɗan ya ishe su. Saboda haka malaman farko suka koyar da cewa yatsu kaɗai ke aiki, sauran hannu ya tsaya cik. Har a 1814 wani malami mai suna Logier ya fito da wani ƙarfe wanda ke riƙe hannun yaro kada ya motsa, aka yi ta sayensa.

Amma fiyano bai tsaya yadda yake ba. Gidajen kallo suka ƙara girma, aka buƙaci ƙara mai ƙarfi. A 1825 aka fara yi masa ƙashin ƙarfe a Amurka, wayoyinsa suka ƙara kauri, guduma da ke bugunsu ta ƙara girma. Fiyanon yau yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, da wayoyi wajen 230 waɗanda jimillar ɗaurinsu ta kusa tan 20. Kaya ya zama na raƙumi, amma aka ci gaba da ɗora shi bisa jaki. A 1873 wani Bafaranshe mai suna Hanon ya buga littafin horon yatsu guda 60, yana umurtar almajiri ya ɗaga kowane yatsa sama sosai ya buga da ƙarfi, ya maimaita kullum. Littafin ya bazu duniya, kuma har yau ana saida shi. Yaron da ya ce hannunsa na ciwo, sai a ce masa alamar ƙarfi ce ke shigowa, ya daure.

Ina ƙarfin yatsa yake?

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi yanzu a rumfarsa. Ku kama sangalin hannunku na dama da hannun hagu, ƙasa kaɗan da gwiwar hannu, sa'an nan ku motsa yatsun dama. Za ku ji nama na motsi ƙarƙashin tafinku. To can ne manyan tsokokin da ke jan yatsu suke. Cikin yatsun kansu babu tsokar da ke motsa su. Wasu ƙanana na cikin tafin hannu, manyan kuwa na cikin sangali, suna jan yatsu da dogayen jijiyoyi masu kama da igiya, kamar yadda mai rijiya ke jan guga daga nesa.

Hannu daga wuyansa zuwa kan yatsu yana da ƙasusuwa 27. A wuyan hannu akwai wata ƴar ƙofa matsattsa inda igiyoyin nan guda 9 ke wucewa tare da wata babbar jijiya mai kai saƙon ji ga babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin na zobe. In wuyan hannu na miƙe, igiyoyin na wucewa salin-alin. In an karya shi sama ko ƙasa, ko an murɗa shi gefe, sa'an nan aka yi ta aiki da yatsu sau dubbai, igiyoyin na gogar bakin ƙofa kamar igiyar guga bisa bakin rijiya. Wurin ya kumbura, ya matse jijiyar ji, sai a fara jin yatsu na mutuwa ko suna tsira kamar ana soka allura, musamman da dare.

Ga gwaji na biyu. Ku aza tafin hannu bisa tebur, ku lanƙwasa yatsan tsakiya ƙarƙashi, ku gwada ɗaga yatsan zobe. Da ƙyar zai motsa. Dalili shi ne igiyar da ke ɗaga shi a ɗaure take da ta maƙwabtansa a bayan hannu. Haka halittarsa take ga kowa, gwani da ɗan koyo. Ke nan duk wanda ya ɗauki shekaru yana tilasta wa yatsan nan ya tashi shi kaɗai kamar manuni, da halitta yake kokawa.

Nauyin ƙwai ɗaya

Abin mamaki, madannin fiyano ba ya buƙatar wani ƙarfi. Nauyin giram 50 ko kusa da haka, watau kamar ƙwan kaza guda, ya isa ya saukar da shi, kuma zurfin saukarsa bai wuce santimeta 1 ba. Kafin ma ya kai ƙasa, guduma ta riga ta kuɓuce ta tafi ta bugi waya. Duk dannin da aka ƙara bayan nan ba ya ƙara ko ɗan sauti. Wani masani mai suna Otto Ortmann, a makarantar kiɗi ta Peabody da ke birnin Baltimo, ya auna wannan da na'urori ya buga sakamakon a 1925 da 1929: ƙarfin sauti daga saurin saukar madanni yake zuwa.

Ku mata kun fi kowa gane wannan. Wace mace ce ke danne taɓarya a gindin turmi bayan ta sauka? Gwanar daka takan tsaya da ƙafafu a buɗe, ta ɗaga taɓarya da baya da kafaɗa da hannu gaba ɗaya, ta bar nauyinta ya yi aikin, ta sassauta riƙo lokacin da ta bugi hatsi, ta karɓe ta tana dawowa. Shi ya sa take iya tafi da waƙa tana luguden. Yarinyar da ke koyo kuwa takan ƙanƙame taɓarya, ta ɗaga kafaɗu, ta yi aiki da ƙarfin hannu kaɗai, kafin a cashe tiya guda ta gaji, tafinta ya yi kanta. Taɓarya ɗaya ce, turmi ɗaya ne, bambancin na ga yadda aka raba aikin tsakanin gaɓoɓi.

Wasu malaman fiyano sun gane haka tun da wuri. Chopin, ɗan Folan da ya zauna Paris har rasuwarsa a 1849, yakan fara koya wa almajiri da aza dogayen yatsu uku bisa baƙaƙen madannai uku, babban yatsa da ƙarami kuma bisa farare, domin haka hannu ke kwanciya yadda aka halicce shi. Ya ƙi yarda a mai da yatsu duka ɗaya, yana ganin kowane da irin muryarsa. A 1903 Tobias Matthay na Landan ya buga littafi inda ya yi gargaɗi bisa danne madanni bayan ya sauka, ya kuma jawo hankali ga juyawar sangalin hannu.

Malamar da ta ce ciwo ba dole ba ne

Wadda ta tattara ilimin nan ta mai da shi hanya mai tsari wata mace ce, Dorothy Taubman, malamar fiyano a unguwar Burukilin ta Niyok. An haife ta a 1917, ta rasu a 2013. Tambayar da ta dame ta ita ce: ƙaƙa yaro ɗan shekara 8 mai baiwa, da ƴan yatsunsa marasa ƙarfi, ke kaɗa abin da ya gagari ƙato? In da ƙarfin yatsu ne sirrin, ai da ba haka ba. Ta yi shekaru tana kallon hannuwan gwanaye da na masu ciwo, ta ware motsin da ke cutarwa: naɗe yatsu kamar ƙafar shaho, ɗaga yatsa ɗaya sauran na danne, buɗe yatsu har ƙarshen iyakarsu don a kai ga madanni mai nisa, murɗa wuyan hannu wajen ƙaramin yatsa, da barin wuyan hannu ya faɗi ƙasa.

Maganin da ta kawo shi ne yatsa da tafi da sangali su riƙa tafiya tare kamar abu guda. Motsi na farko shi ne juyi, irin wanda kuke yi in kuna buɗe kwaɗon shago da makulli, ko kuna juye tiya cikin buhu. Sangali na iya yin juyin nan da sauri ba tare da gajiya ba, kuma shi ke kai nauyi daga yatsa zuwa yatsa. Na biyu, tun da yatsu ba tsawonsu ɗaya ba, hannu ne zai riƙa matsawa ciki da waje kaɗan-kaɗan, maimakon a naɗe dogon yatsa don ya yi daidai da gajere. Na uku, in madanni na da nisa, hannu duka ne zai tashi ya kai yatsan wurin. Mai rumfa mai hankali ba ya miƙa hannu har kafaɗa ta goce don ɗauko kaya daga kanta ta sama, matsawa yake yi kusa. Na huɗu, hannu na bin layin kiɗin da ɗan hawa da sauka, kada ya tafi a sandare.

Ga gwani, motsin nan kan ƙanƙance har ido ba ya ganinsu, sai a ɗauka yatsu ne kaɗai ke gudu. A 1976 Taubman da almajirarta Edna Golandsky suka buɗe cibiyar koyar da wannan hanya, makaɗa masu ciwo daga ƙasashe da yawa suka riƙa zuwa ana sake masu koyo tun daga danna madanni guda. Aikin na son haƙuri, don wanda ya yi shekara 20 da wata ɗabi'a ba ya barin ta cikin sati. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ashe yatsa ɗaya ma ba ya ɗaukar aikin hannu.

Mutum bai san abin da jikinsa ke yi ba

Sai dai akwai wata matsala. Ana iya gaya wa mutum ya sassauta kafaɗa, ya rantse a sassauce take, alhali ta kusa taɓa kunnensa. Abin da jiki ya saba da shi, ko karkatacce ne, shi yake ji kamar daidai. Wanda ya fara bayyana wannan sosai shi ne Frederick Matthias Alexander, ɗan tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, an haife shi a 1869. Sana'arsa karanta wasan kwaikwayo gaban jama'a, sai muryarsa ta riƙa dushewa duk lokacin da ya hau dandali. Likitoci suka ce ya huta, ya huta, ya dawo, abin ya dawo. Sai ya jera madubai ya riƙa kallon kansa yana magana. Nan ya ga da zarar ya buɗe baki yakan ja kansa baya ya danne wuyansa, bai kuwa taɓa jin yana yi ba. Da ya koyi tsayawa kafin ya fara, ya hana kansa wannan ɗabi'a, muryar ta dawo. Ya koma Landan a 1904 ya koyar har rasuwarsa a 1955, kuma manyan makarantun kiɗi na Ingila da Amurka sun sa hanyarsa cikin karatunsu.

Kan babban mutum ya kai kilo 5, kusan nauyin tiya biyu ta gero. In yana zaune daidai bisa ƙashin baya, ƙashi ne ke ɗauke da shi. In an turo shi gaba don a leƙa takardar kiɗi, ko allon salula, ko allurar keken ɗinki, tsokokin wuya da kafaɗa ne ke riƙe da shi yini guda, kuma taurin nan na gangarowa har yatsu. Duk macen da ta taɓa ɗaukar tulu ko tire bisa kai ba riƙo ta san wurin da kai ke zama daidai, don in ta kuskure shi kayan ne za su gaya mata.

Almajiran hanyar Alexander a Amurka, William Conable da Barbara Conable, sun ƙara da cewa kowa na da taswirar jikinsa a cikin kansa, kuma da ita yake motsi ko da kuskure ce. Misali, mafi yawanmu mun ɗauka hannu daga kafaɗa ya fara. Ku aza yatsa bisa ƙashin nan na ƙasan wuya, inda ya haɗu da ƙashin ƙirji, ku ɗaga hannu sama: za ku ji yana motsi. To daga nan hannu ya fara. Makaɗin da bai san haka ba yakan daskarar da wurin, ya rage wa kansa gaɓa guda.

Saboda haka malaman kirki kan fara da zama kafin kiɗi. A zauna bisa ƙasusuwan zama guda biyu, wajen gaban kujera, tafin ƙafafu a ƙasa. A daidaita tsawon kujera har gwiwar hannu ta zo daidai da saman madannai. A bar muƙamuƙi a sake, kada a riƙe numfashi wurin da kiɗin ya yi wuya. Sa'an nan a fara a hankali ƙwarai, domin cikin gaggawa mutum ba ya jin abin da jikinsa ke faɗi.

Cutar Fleisher ta sami suna

Yana da kyau mu bambanta abu biyu. Akwai ciwon igiyoyi da na matsewar jijiya, waɗanda ke zuwa da zafi ko mutuwar yatsu. Akwai kuma irin ta Fleisher, wadda likitoci ke kira distoniya, ita kuwa galibi ba ta da zafi, kuma tushenta na cikin ƙwaƙwalwa. Kowane yatsa na da gurbinsa a ƙwaƙwalwa. In aka yi shekaru ana maimaita motsi ɗaya cikin sauri da matsi, ga wanda jikinsa ke da saurin kamuwa, iyakokin gurabun kan cuɗe, sai a aiki yatsa ɗaya wani ya amsa. Likitocin da ke bin lamarin, irin su Eckart Altenmüller na birnin Hanoba a Jamus, sun ƙiyasta tana kama kimanin 1 cikin 100 na masu sana'ar kiɗi.

Fleisher bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya ci gaba da koyarwa a Peabody, inda ya fara tun 1959, ya koyi jagorancin ƙungiyar makaɗa, ya kuma ƙware ga kiɗin hannun hagu kaɗai, har da wanda Bafaranshe Ravel ya tsara domin Paul Wittgenstein, makaɗin da ya rasa hannun dama a yaƙin duniya na farko. An yi masa aiki a wuyan hannu a 1981, bai warke ba. Sai cikin shekarun 1990, bayan an gane sunan cutar, aka haɗa masa tausa mai zurfi da allurar Botox, wadda ke sassauta tsokar da ta ƙi saki. A 1995 ya koma kiɗi da hannu biyu gaban jama'a, a 2004 kuma ya fitar da faifai na hannu biyu, shekara 40 bayan farawar cutar. Allurar ba ta kashe cutar ba, sauƙi ta kawo, ana kuma maimaita ta. Ya rasu a 2020 yana da shekara 92, bayan ya daɗe yana gargaɗin almajiransa kada su bi hanyar da ya bi.

Hannun mata da faɗin fiyano

Ga wani batu da ya shafi mata. Faɗin madannai 8 farare, wanda makaɗi ke buɗe hannu ya kama kullum, ya kai santimeta 16 da rabi daga na farko zuwa na takwas. An tsaida awon nan tun ƙarni na 19, zamanin da manyan makaɗan dandali galibi maza ne Turawa. Mai ƙaramin hannu, wanda mafi yawa mace ce, dole ta yi ta buɗe yatsu har iyaka, abin da Taubman ta hana. Tun shekarun 1990 wani maƙeri a Amurka, David Steinbuhler, ya fara ƙera madannai masu ƙaramin faɗi, wajen santimeta 14, wasu makarantu kuma sun karɓe su. Darasin a fili yake: in kayan aiki bai dace da jiki ba, kayan ake gyarawa.

Mu dawo gida

Mu ma nan ba baƙin madannai ba ne. Dattawanmu na tuna kiɗin Mamman Sani, wanda ya ɗauki sautin ogan ɗinsa na lantarki a gidan radiyon ƙasa a Yamai a 1978, aka yi shekaru ana jin sa a radiyo da talabijin. Yau kuwa samari da yawa daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa na neman na kansu da fiyanon lantarki, wajen biki ko cikin ɗakin ɗaukar waƙa, kuma mafi yawansu da kunne da kallo suka koya. Fiyanon lantarki madannansa sun fi sauƙi, amma haɗarinsa na ga ajiya: in an aza shi ƙasa ƙwarai mai kiɗi na tsaye, wuyan hannu zai karye baya dare guda, in ya yi sama ƙwarai kafaɗu za su tashi. Uwar da ɗanta ke wannan sana'a ta dube shi yana aiki. In ta ga kafaɗu a ɗage, haƙora a cije, wuyan hannu a karye, ta gaya masa tun icce na ɗanye.

Ku kanku kuma fa? Tun 1700, zamanin da aka ƙirƙiro fiyano, wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi bisa cututtukan masu sana'a, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majinyaci aikin da yake yi. A 1895 likita De Quervain na Suwizalan ya bayyana ciwon gindin babban yatsa, wanda Turawa suka daɗe suna dangantawa da mata masu wanki saboda matsar tufafi. Tela mai almakashi, mai kitso, mahauci, mai matsar ƙuli, mai ƙulla leda ɗari-ɗari, mai ƙirgar kuɗi da mai latsa salula yini guda, duk igiyoyin nan guda ne suke ja.

Abin da makaɗa suka koya zai yi maku amfani kamar haka. Ku riƙe wuyan hannu a miƙe lokacin aikin ƙarfi. Ku matso kusa da kaya, ku juya jiki duka maimakon murɗa hannu. Kada riƙo ya wuce abin da aikin ke buƙata: wuƙa mai kaifi da almakashi mai mai sun fi damtse mai ƙarfi. Ku gyara tsawon tebur ko kujera, ko da bulo ne za a sa ƙarƙashi. Makaɗa da yawa yanzu kan tsaya minti 5 bayan kowane rabin awa, ku ma in ciniki ya lafa ku saki hannu, ku sauke kafaɗu, ku sake irin aikin. In aiki ya ƙaru farat ɗaya, kamar ɗinkin jajibirin salla, lokacin ne haɗari ya fi yawa.

Abu na ƙarshe, kuma mafi girma: kada a rufe bakin ciwo da ƙwayoyin bakin hanya don a ci gaba da aiki. Tramol da ire-irensa ba sa gyara igiyar da ta kumbura, mai gargaɗin kawai suke kashewa, ga kuma kamun da suke yi wa mai sha. In yatsu na mutuwa da dare, ko abu na suɓucewa daga hannu, ko zafi ya wuce sati biyu, a nufi gidan likita, a kuma gaya masa sana'ar da ake yi. Masu ciki da masu ciwon sukari su ƙara kula, don matsewar jijiyar wuyan hannu ta fi saurin kama su. Kowane ɗan kasuwa ya san ba a cin uwar kuɗi. To hannu ma uwar kuɗi ne, kuma ba a saida wani a kasuwa.